Ginin Ƙasa a Gindin Kufena: Daga Malumfashi Zuwa Tsohuwar Majami'ar Wusasa

Ƙasar kudancin Katsina ba ta da rowa. Daga Malumfashi har Funtuwa ƙasa ce mai danƙo, mai riƙe ruwa, ita ke ba da masara da dawa da auduga da waken suya, ita ce kuma ta ba kakanninmu ɗakin kwana da rumbu da masallacin unguwa. Noma dai yana nan daram, amma gini da ƙasa ya ja baya ƙwarai, har ya zama wanda ya ɗora soro a yau ana yi masa kallon wanda kuɗin bulo suka gagara. Wannan ne ya sa a farkon kaka na kama hanyar Zariya, domin in ga wani gini da aka daɗe ana ba ni labarinsa, wato tsohuwar majami'ar Saint Bartholomew ta Wusasa, wadda aka ɗora da tubali da azara a 1929, har yau kuma tana tsaye.

A tashar Malumfashi, garin Galadiman Katsina, na shiga motar Funtuwa da sanyin safiya, domin direbobin yankin nan sun daɗe da koyon cewa tafiyar rana ta fi kwanciyar hankali. Gonaki sun bushe, an karya masara an tara dami-dami, auduga ta fashe fari fat a wasu wuraren. Kusa da ni wani dattijo ne mai kaurin tafin hannu, za shi biki Giwa. Da ya ga ina leƙen ƙauyuka ina rubutu sai ya ce, "Malam, ko ma'aikacin gona ne?"

Na ce, "A'a Baba, Wusasa za ni, in ga wani tsohon ginin ƙasa."

Ashe magini ne, gado ya yi. Ya yi murmushi ya ce, "Ai ginin ƙasa bai san tsufa ba, ɗana. Maraici ya sani. In yana da masu shi, ya ga jikokin jikoki. In ya rasa su, damina uku ta ishe shi."

Tun daga nan har muka wuce Bakori yana nuna mini abin da idona ba zai gani ba shi kaɗai. Wancan zauren an bar indararonsa ya karye, ruwa na bin bango, ba zai kai baɗi ba. Wancan kuma an yi masa ɗaurin kwano a kan tsohuwar katanga, an yanke zankwayensa. Ya ce a da, da an gama kai amfani gida sai aikin gini ya kankama, a kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta kwana, matasa su yi gayya, a gama yaɓe kafin hadarin farko. Yanzu matasan na kan babur suna acaɓa, ko sun tafi cin rani Abuja.

Funtuwa ita ce ta fi kowane gari ba da labarin yadda abin ya sauya. Tsohuwar hedikwatar yankin ita ce Maska, garin masaƙa, shi ya sa har gobe hakimin Funtuwa ke riƙe da sarautar Sarkin Maska. Amma da layin dogo ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, kamfanin BCGA kuma ya kafa injin gurzar auduga, sai kasuwa ta koma bakin tasha. Jirgin da ya kwashi auduga da gyaɗa zuwa teku shi ne ya dawo da kwano da siminti. A 1975 aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, tare da na Gusau da Gombe, aka kawo takin zamani da ingantaccen irin masara da hanyoyin ƙauye. Manomi ya ga kuɗi, abin da ya fara saye kuwa bandir ɗin kwano ne. Ba wanda zai ga laifinsa, domin wanda ya taɓa kwana yana tara kwanoni a ƙarƙashin soro mai yoyo ya san dalili.

Daga Funtuwa muka sake mota, muka tsallaka cikin Jihar Kaduna. Dattijon ya sauka a Giwa, muka yi sallama ya sa mini albarka. Sai Shika, sai Samaru da Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar binciken aikin gona wadda irin audugarta da masararta suka cika gonakin da muka baro. Daga Zariya na hau keke napep zuwa Wusasa. Tun daga nesa duwatsun Kufena ke tsaye, wurin da tarihin baka ke cewa Zazzagawa sun zauna kafin birnin yanzu. A gindin waɗannan duwatsu garin yake, da asibitin Saint Luke da makarantu da gidaje masu darbejiya da mangwaro a ƙofa.

Labarin Wusasa ya fara ne da wata tafiya da ba ta yi nasara ba. A 1900 wani ayarin 'yan mishan na ƙungiyar CMS ta Ingila, ƙarƙashin Bishop Tugwell, ya isa Kano. A cikinsu akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus wurin fatake da alhazai. Sarkin Kano Alu Babba bai karɓe su ba, ya ce su fice masa daga gari. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau. A 1905, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, Likita Mila, kamar yadda Zazzagawa ke kiransa, ya sami wuri a cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Jama'ar da ta taru a kusa da shi ba ta da yawa. Daga cikinta akwai zuriyar Isawa, almajiran wani Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda koyarwarsa game da Annabi Isa. Mabiyansa suka watsu zuwa Ningi da gabashin Zazzau, wasu daga cikin 'ya'yansu suka karɓi Kiristanci suka zauna a Gimi, har ciwon barci ya ɗaiɗaita ƙauyen. Zaman mishan a tsakiyar birnin Musulmi bai yi wa masarauta daɗi ba, bai kuma yi wa Turawan mulki daɗi ba, don haka a ƙarshen shekarun 1920, zamanin Sarki Ibrahim, aka ba su fili a bayan gari. A nan ne Rabaran Guy Bullen ya jagoranci kafa sabon mazauni, da asibiti da makaranta da majami'a. Bullen bai yi tsawon rai ba. Bayan an naɗa shi mataimakin bishop a Masar da Sudan, ya rasu a hatsarin jirgin sama a 1937.

Wani dattijo daga cikin dattawan ikilisiya ne ya tarbe ni. "Maraba, Malam. An zo lafiya? Ina gajiya?" Muka gaisa har da tambayar mutanen gida da labarin kaka a wajenmu, sannan ya kai ni. Da a ce babu alamar gicciye, wanda ya hango ginin zai rantse zauren wani basarake ne. Bango ne mai kauri, ya fi faɗi a gindi yana sirancewa yayin da yake tashi, tagoginsa ƙanana. Da muka shiga sai zafin rana ya tsaya a ƙofa. Babu fanka da ke juyawa, amma iskar ciki mai sanyi ce, domin katangar ƙasa na shanye zafin yini, sai dare ya yi ta sake shi. Sama kuwa bakan gizo ne, ƙafa na tasowa daga wannan bango ta lanƙwasa ta haɗu da 'yar'uwarta daga wancan, su ɗauki rufin. Ido na bin su ɗaya bayan ɗaya har ya kai kan bagade. Dattijon ya ce, "A nan aka yi mini baftisma, a nan aka ɗaura aurena. Da Hausa muke sujada tun ina yaro, da Hausa muke yi har yanzu."

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka ƙasa kawai aka lanƙwasa. Sirrin yana cikin ƙasar, wato azara. Ana faskara ta daga giginya, namijin da ya ƙosa, itace mai tsauri da gara ba ta cika yi masa illa ba. Sai dai azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin rufi a tazarar da ta wuce taku biyu ko uku ba tare da ta sunkuya ba. Dabarar maginin Hausa ita ce ya dasa azara a cikin bango ta ɗan leƙo waje, ya ɗaure wata a kanta ta ƙara leƙowa, ya bi da ƙasa, ya jira ta bushe, ya sake ɗora wata, hawa-hawa daga ɓangarorin biyu har su gamu a tsakiya. Ba ya buƙatar katakon tallafe daga ƙasa kamar yadda maginan dutse na Turai ke yi. Idan ƙafafuwa suka gitta juna a tsakiyar ɗaki, shi ne ɗaurin guga, a kansu kuma ake shimfiɗa gajerun azara a jere, a sa zana ko asabari, a zuba ƙasa a daddaɓe ta zama tulluwa. Bangon kansa da tubali ake yi, curin ƙasa mai tsini da ake mulmulawa da hannu a shanya a rana, a jera tsininsa na kallon sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Sai aikin kare shi daga ruwa: makuba daga ɓawon ɗorawa, da laso wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Dubi yawan sana'o'in da suka taru a bango ɗaya: manomi da marini da majemi da mai faskare, kowa da hannunsa a ciki.

Turawan da suka sa aka yi wannan gini sun taso ne a ƙasar da kusan kowane tsohon ƙauye ke da majami'arsa ta dutse, wasu tun zamanin Normawa da suka ci Ingila a 1066. Fasalinsu kusan ɗaya ne: dogon zauren jama'a, sai ɓangaren bagade a gabas, sai hasumiyar ƙararrawa, kaburburan mutanen gari kuma kewaye da ginin. Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda suka raba nauyin gyara. Ɓangaren bagade na wuyan limamin da ke karɓar ushirin amfanin gona, zauren jama'a kuwa na wuyan mutanen gari, su ke zaɓen wakilansu masu tara kuɗi su sayi dalma da katako su biya magina. Saboda haka kowane zamani ya bar alamarsa, wannan ya ƙara shirayi, wancan ya faɗaɗa taga, wani ya ɗaga hasumiya. A ƙarni na 15 garuruwan da suka yi arziki da ulu da saƙa, irin su Lavenham da Long Melford, sun zuba dukiyar a majami'unsu, har yau ana zuwa kallo. Dutse ya taimaka, amma ba shi ya raya su ba. Inda annoba ko ƙaura ta kwashe mutanen ƙauye, majami'ar dutsen ma kango ta zama. Su ulu ya gina musu abin da ake tunawa da su, mu kuma ya kamata mu tambayi kanmu abin da shekaru ɗari na auduga suka gina a Funtuwa da Malumfashi da za a nuna wa baƙo.

Da Bullen ya so, da ya yi odar kwano ta jirgin ƙasa ya kwaikwayi cocin garinsu, kamar yadda aka yi a wurare da dama a kudu. Ya ɗauki tsarin ciki na can, dogon zaure mai fuskantar bagade, ya bar wa maginan ƙasar nan sauran. Wannan ya dace da abin da Likita Mila ya shafe rayuwarsa yana yi da harshe, domin shi ne ƙashin bayan fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa da aka buga cikakke a 1932. Jama'ar Wusasa ba su ga dalilin da zai sa sauya addini ya raba su da babbar riga da tuwo da gaisuwar tsugunne ba, ginin da suke ibada a ciki ma haka.

Ƙaramin gari ne, amma waɗanda suka zauna a kan bencinan nan sun yi nisa. Dakta R.A.B. Dikko, likitan zamani na farko daga Arewa, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa wadda daga baya ta zama NPC. Sunansa ne a kan asibitin Barau Dikko na Kaduna. Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ɗan Najeriya na farko a kujerar, ya yi karatu a nan. Janar Yakubu Gowon, shugaban ƙasa daga 1966 zuwa 1975, a Wusasa ya tashi, mahaifinsa ma'aikacin mishan ne da ya zo daga ƙasar Angas. Masu karatun adabin Hausa kuma sun san John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East a shekarun 1930. A yau Wusasa na da bishop nata na ɗarikar Anglican, jama'a ta yi yawan da tsohon ginin ba zai ɗauke ta ba. Dattijon ikilisiyar ya shafa bango ya ce, "Yaranmu sun fi son mai tayil da lasifika. Ba mu hana su ba. Amma mun ce musu wannan ba za a bar shi ya zube muna raye ba."

Ba a fahimtar Wusasa sai an shiga birni, don haka da la'asar na bi ta Ƙofar Doka zuwa ƙofar fada. A nan ne babban masallacin Juma'a na Zariya yake, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ya kafa gidan Katsinawa a sarautar Zazzau. Daga waje ba za ka ga komai na da ba, domin a shekarun 1970 an lulluɓe shi da sabon gini na kankare, an kuma rasa wasu sassansa. Sai ka cire takalmi ka shiga sannan ka ga abin da ya rage: manyan ginshiƙai masu zanen da aka tono a jikin ƙasa, ƙafafuwan baka suna tashi daga cikinsu suna rarrabuwa a sama suna riƙe da tulluwa. A nan hannun ya kai maƙura. Ana ba da labarin cewa da dare Babban Gwani ke aikinsa don kada a ga dabararsa, ana kuma cewa wani sarki ya sa an kashe shi bayan ya gama masa masallaci don kada ya gina wa wani wanda ya fi shi. Ko ma mene ne gaskiyar waɗannan labarai, suna nuna girman da mutane suka ba sana'ar. Har yau akwai unguwar Babban Gwani a Zariya, ana kuma danganta masa gine-gine a fadar Kano da ta Bauchi da Kafin Madaki. Wanda yake son ganin siffar masallacin ta asali sai ya je Jos, inda wani masanin gini ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, ya sa aka sake gina kwafinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya.

Kusan shekara casa'in ke tsakanin masallacin da majami'ar, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba kuma ke tsakaninsu. Ɗaya na fuskantar alƙibla da sahu a kwance, ɗaya na fuskantar bagade da zaure a miƙe. Amma azarar ɗaya ce, ɗaurin ɗaya ne, ilimin ɗaya ne. A ƙasar da aka sha zubar da jini da sunan addini, har Zariya da Funtuwa ba su tsira ba a rikicin 1987, yana da kyau mutum ya ga da idonsa cewa akwai abin da Bahaushe Musulmi da Bahaushe Kirista suka gada tare tun kafin su fara gardama. Akwai Hausawa Kiristoci da yawa a ƙauyukan Malumfashi da Kafur, galibi zuriyar Maguzawa, manoma ne kamar maƙwabtansu, rumbunsu iri ɗaya ne, maginin da ke yaɓe wa wannan shi ke yaɓe wa wancan.

Mu Katsinawa muna da namu abin alfahari da ya girmi duka biyun, hasumiyar Gobarau, wadda ake dangantawa da zamanin Muhammadu Korau, sarkin Katsina na farko Musulmi. Ita ce sa'ar waɗancan majami'u na Ingila. Ta kai yau ne saboda an sami waɗanda suka hau ta da ƙwarya da kwaɓaɓɓiyar ƙasa suka gyara ta. Ginin ƙasa kamar gona yake, abin da ka ba shi bana shi zai ba ka baɗi. Shi ya sa kafa allo a ce wuri ya zama kayan tarihi ba ya wadatarwa, haka ma shafe shi da siminti, wanda ke kulle danshi a ciki har bangon ya ruɓe ta baya ba a sani ba.

Abin da ke ƙarewa ba gine-ginen ba ne, masu gyara su ne, da kayan gyaran. Giginya na ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta ba da azara, ana sare ta ba a dasa wata. Ɗorawa na tafiya gawayi. Marina sun ragu, katsi ya yi wuya. Maginan da suka iya ɗaurin guga yawancinsu sun manyanta, 'ya'yansu kuma bulo suka koya. Amma ba a makara ba. Har yanzu a Bakori da Maska da Kafur da Ɗanja akwai masu ɗora rumbu da zaure, a Samaru kuma akwai sashen koyar da zanen gine-gine da ya san yadda ake gyara harsashi da rufi don maganin yoyo. Da kowace ƙaramar hukuma a yankin za ta ba irin waɗannan dattawa aikin gini guda a shekara, ɗakin karatu ko zauren dagaci ko ɗakin shan magani, da sharaɗin kowane magini ya ɗauki yara su koya a biya su, da an sami sababbin hannuwa cikin shekara goma. In ba a yi haka ba, ranar da bakan Wusasa ko ginshiƙin masallacin Zariya ko bangon Gobarau ya tsage, kuɗin gyara za su samu, gwanin da zai karɓe su ne za a nema a rasa.